Gidan Yaji a Villeurbanne

Da na tashi tafiya Faransa karatu, a tsakiyar shekarun tamanin, abu ɗaya na bari a gida da gangan, wato ganga. Babana makaɗin 'yan kokowa ne a ƙasar Adar, haka ma kakana. Tun ban fi gangar tsawo ba nake rataya ta. Amma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san matsayin ɗan makaɗi: a yi maka kyauta, a yi raha da kai, in maganar aure ta taso a tuna maka ɗan wa kake. Shi ya sa da na samu kaina a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, cikin ɗakin ɗalibai mai faɗin akurki, ina karatun kimiyya, sai na ji kamar an sauke mini kaya. In 'yan ƙasarmu suka matsa da tambaya, sai in ce babana manomi ne. Ban yi ƙarya ba, yana da gona.

Asirina ya tonu ranar ƙaramar Salla. Mun yi idi a wani zaure da ke ƙarƙashin dogayen benayen Minguettes, a Vénissieux. Ana fitowa ana laluben takalma, sai wani ƙaƙƙarfan mutum mai kaurin wuya ya tsaya yana kallona yana murmushi.

"Kai, ɗan makaɗi! Mi kaka yi nan?"

Na waiga hagu da dama. Ya kwashe da dariya, ya ja ni gefe.

"Kwantar da hankalinka, ba ni hwaɗa ma kowa. Na yi kokowa gaban gangar babanka. Kai kana zaune gehe da majina, kana riƙe mishi gula."

Mutumin ƙauyen da ke gabas da namu ne, ya girme ni da 'yan shekaru. Ya ce ya daɗe yana dakon kwalaye a wani sito, amma yanzu ya bari, rawa yake yi. Na dube shi sama da ƙasa, na ce da wannan ƙirjin? Ya ce da shi. Ya ce kuma makaɗi suke nema, sun gwada wasu, duk kiɗan biki suke yi musu, su kuwa kiɗan fage suke so. Na ƙi, na ƙi, har na je.

Wurin tsohuwar masaƙa ce kusa da kogi, faɗi kamar filin idi, sanyi kamar randa. A can na haɗu da Baturen da ya tsara rawar, shi ne kuma yake rawar da ɗan kokowar nan, wanda ya zama abokina. Dogo ne siriri, taba ba ta barin bakinsa. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce mini "sannu" da Hausarsa ta aro. In faɗi gaskiya, mutumin yana da shiga rai. Shi ya fara lura ba ni da rigar sanyi ta kirki, washegari ya kawo mini tasa.

Gangar da suka tanada kuwa, Allah ya sawwaƙe. Irin wadda ake sayar wa masu yawon buɗe ido ce. Sai da na sake ɗaure fatar, na nemo tsarkiya na sa mata, kafin ta fara magana kamar 'yar halak.

Ni abin da na sani rawa, a ji daɗi ne, a juya, a yi guɗa. Wannan ba haka take ba. Babu waƙa, babu ado. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, maza biyu cikin fararen riguna. Za a fara Baturen yana ɓalla wa abokina maɓallan riga, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar uwa tana shirya yaro. In ya kai na wuya, sai hannun ya ƙi sauka. Riƙon ya yi ƙarfi. Daga nan sai turi, sai kaye, sai wannan ya ɗaga wancan sama kamar zai maka shi da ƙasa, sai kuma ya sauke shi a hankali ya kifa kansa a kafaɗarsa. Su rabu, kowa ya nufi bango, su juyo su sake cin karo. Akwai wurin da suke jan kujerar nan, kowa yana so ya zaunar da ɗan'uwansa, har taimakon ya koma faɗa. Akwai mari ma, amma na ƙarya ne, hannu yana wucewa ta gefen kunci ni kuma in buga gula daidai lokacin.

Baturen ya yi mini bayani ranar farko. Ya ce rawar a kan maza biyu ce masu son juna, da yadda so ke komawa kokowa in an kulle shi a ɗaki ɗaya babu taga. Na gyaɗa kai kamar Faransancina bai kai nan ba. Na ce a raina ai Turawa ba abin da ba sa mayarwa wasa.

Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Na ga kofi ɗaya suke shan shayi. Na ga in an tashi hanya ɗaya suke bi, makulli ɗaya. Wata rana abokina ya yi tari, Baturen ya kai bayan hannu ya taɓa goshinsa ba tare da ya daina maganar da yake yi da ni ba. A nan na gane.

Ba zan ce na karɓi abin hannu bibbiyu ba. Na tashi a inda na tashi, kuma ina salla. Na yi kwanaki ina juya shi a raina, har na yanke cewa ba zan koma ba. Sai dai abu biyu suka riƙe ni. Na ɗaya, hannuna ya ɗanɗani fata bayan dogon ƙishi, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na biyu, mutumin nan tun ranar Salla yake riƙe da asirina, ko da wasa bai fasa shi a gaban 'yan ƙasarmu ba. Na ce to, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hisabi kuma ba a hannuna yake ba.

Akwai abin da babana ya koya mini wanda ba kowane makaɗi ke yi ba. Yakan ce makaɗi ne ke hura wutar fage, don haka shi ya kamata ya fara ganin in ta kama danga. Ɗan kokowa ƙafa yake nema, ko ƙugu. In ka ga ya bar su ya koma neman wuya, to wasa ya ƙare, gaba ce ta shigo. Da babana ya ga haka, sai ya ɗora tafin hannu kan fata, ganga ta yi shiru. Kuma a duk ƙauyukan da yake kiɗa, yara sun tashi da sanin cewa in gangarsa ta yi shiru, sakin juna ake yi nan take, ko da kai ne ke gab da kayarwa. Ba a tsayawa tunani, jiki ne ya riga ya koya.

Wannan tarbiyyar ta sa ina kiɗa ina ƙirga jikinsu da ido. Na san rawar nan kamar yunwar cikina, na san inda kowane hannu ke sauka. Shi ya sa da na fara ganin ciwo a wuraren da rawar ba ta taɓawa, na kasa kauda kai. Yau kunne a kumbure. Jibi ya ɗaga hannu ya cije leɓe, ya dafe haƙarƙari. Baturen kuma a irin ranakun nan ya fi kullum tausasawa, yana ta kawo masa ruwa.

Wata la'asar bayan gwaji, muka zauna ni da abokina a bakin kogi muna cin burodi da kifin gwangwani. Na ce bari in yi ta ta ƙare.

"Wa ya taɓa maka kunne?"

"Wurin rawa na samu."

"Ni ka kaɗa rawar ga. Babu inda hannu ka zuwa kunne."

Ya haɗiye lomarsa.

"Harshe da haƙori ma suna saɓawa," in ji shi.

"Suna saɓawa. Amma ban taɓa ganin haƙori ya yi jini ba."

Ya yi 'yar dariya, ya jefa wa tsuntsaye ɓawon burodi. Ya ce Baturen yana son sa, kada in yi shakka, in abin ya faru shi ke fara kuka. Ya ce da ya ga dama da hannu ɗaya zai naɗe shi, amma bai taɓa iya ramawa ba. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kunnena.

"Ina da ya. Ranar da mijinta ya ɗaga mata hannu, ta ɗaure kayanta ta taho gida. Babanmu ko tambaya bai yi ba, ya ce a ba ta ruwa. Sai da mijin ya zo biko da kawunshi da goro, ya durƙusa zaure, anka wanke shi tas, kana anka tambaye ta ko tana komawa. To ni hwa? Gidan wa za ni yaji? In na buga ƙohwa anka ce mi ya hwaru, in ce mi?"

Abokan da yake da su a cikin Turawa duk na Baturen ne. Mu kuwa, nasa, da ya buɗe baki a cikinmu, kafin sati labarin ya isa ƙauyensu. Muka zauna muna kallon ruwa har sanyi ya kore mu.

Da hunturu aka gayyace su Paris, su nuna rawar a wani ƙaramin gidan wasa, ranar Asabar da la'asar. Muka hau jirgin ƙasa mu uku, ganga a kan cinyata kamar jaririya. Da safen Asabar ɗin abokina ya ce zai je unguwar Barbès ya gaida wani Alhaji, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, wanda ya sauke shi lokacin da ya fara zuwa ƙasar. Baturen ya ce zai bi mu. Abokina ya yi ta kewaye-kewaye, shi kuwa ya kafe. Ya ce shekara da shekaru yana jin labarin mutanen nan, yana so ya gan su.

Ranar kasuwa ce, jirgin ƙasa na rugugi a kan gada bisa kanmu, masu kayan miya na kururuwa a ƙasa. Shagon Alhaji cike da atamfofi da akwatunan tafiya. Aka shiga gaisuwa, gida, aiki, sanyi, labarin damina, waɗanda suka rasu, waɗanda suka haihu. Baturen yana tsaye yana murmushi yana jiran a zo kansa. Can Alhaji ya nuna shi da carbi.

"Wanga Bature hwa?"

"Patron ɗinmu na, Alhaji."

Baturen ba ya jin Hausa, amma wannan kalmar tasu ce, wato ubangida a wurin aiki. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna. Alhaji kuwa ya miƙe da fara'a, ya ba shi kujerarsa, ya sa aka kawo shayi, ya yi masa godiya da Faransanci don yana ba 'ya'yansu aiki. Ya ƙara da cewa, tun da abokina yana jin maganar patron, Baturen ya taya su yi masa faɗa ya je gida ya yi aure, girma ya kama shi. Alhaji da zuciya ɗaya ya yi. Da muka fito, Baturen ya wuce gaba shi kaɗai, hannuwa cikin aljihu. Wallahi na tausaya masa a lokacin. Ka zauna da mutum ɗaki ɗaya shekaru, a kai ka ƙofar danginsa a mai da kai mai ba da aiki, abin da ciwo.

Gidan wasan ya cika. Aka kashe fitilu sai na dandamali. Ina zaune a gefe, inda nake ganin su daga kusa. Na fara a hankali, yadda muka saba. Maɓalli na farko, na biyu. Turin farko ya fi na kullum ƙarfi, tebur ya goce. Na ce ko zafin taro ne. A wurin jan kujera ya fizge ta har ƙafarta ta bugi ƙaurin abokina. Na ci gaba da kiɗa, ina kallo. Abokina yana karewa, yana kaucewa, yana mai da kowane bugu ya zama kamar cikin tsari yake. Gwani ne, har ni ya kusa ruɗawa.

Sai suka zo wurin da Baturen kan kama shi a kafaɗa. Hannun bai je kafaɗa ba, wuya ya nufa, kuma na ga babban yatsa ya nutse.

Ban yi shawara da kaina ba. Tafin hannuna ne ya sauka kan fata.

Ganga ta yi shiru, abokina ya saki. Hannuwansa biyu suka zube a gefensa, ya miƙe tsaye, ƙirji a buɗe, kamar yaron da ya yi kokowa a gaban babana. Baturen kuwa ba a fagenmu ya tashi ba, shirun ganga bai ce masa komai ba. Ɗayan hannunsa ya riga ya taso, kuma babu abin da zai tare shi. Marin ya sauka da dukan ƙarfinsa. Wannan karon babu gula da za ta rufe ƙarar. Har kujerun baya an ji.

Ba wanda ya motsa. Jini ya fito a gefen bakin abokina, ya ɗiga kan farar rigar. Baturen ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Abokina bai dube shi ba, ni ya duba. Sannan ya juya, ya sauka daga dandamali, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka, wasu har da miƙewa. Sun zaci haka aka tsara ƙarshen. A garinmu da tuni dattawa sun shiga tsakani, a nan kuwa tafi ake yi.

Na samu abokina a tasha, zaune kan jakarsa. Muka hau jirgin Lyon mu biyu. Ina ta zargin kaina, don ni na sa ya sauke hannu, da ban tsayar da kiɗa ba da ya kare marin. Ya juyo gare ni, yana dafe da leɓe da hankici.

"Ka san wani abu, ɗan makaɗi? In ganga na tashi, sai in ce ma raina rawa muka yi. Ko gida in ya hwara, gangar nika ji cikin kaina. Yau da ta tsaya, na ji shi yadda shike."

Na ce ya yafe mini. Ya ce in rufe masa baki, babana ma da haka zai yi.

Da muka sauka Lyon, ya tsaya a bakin matakalar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jaka a hannu. Hanya ɗaya ta nufi gidan da yake zaune da Baturen, ɗaya ta nufi Villeurbanne. Mutane suna ta ture mu suna wucewa, shi yana tsaye. Tambayar da ya yi mini a bakin kogi ce ta dawo, ga ta tsaye a gabana da kumburarren baki. Na karɓi jakar daga hannunsa.

"Taho mu tahi gida."

"Wane gida?"

"In mun kai ka gani. Kuma ba mai tambayarka mi ya hwaru."

Da muka shiga ɗakin, abin da na fara yi shi ne na ba shi ruwa. Ya karɓa, ya dubi kofin, ya dube ni, sai ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Na bar shi ya yi abinsa, na shiga neman inda zan shimfiɗa bargo. Ɗakin bai isa mutum ɗaya ba, balle a ƙara ɗan kokowa. In zai yi salla sai na hau gado.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, aka ƙwanƙwasa. Na leƙa, Baturen ne, ya rame, da furanni a hannu. Na fita na ja ƙofar a bayana. Ni ɗin da duka-duka ban fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ko gemu ban tara ba, sai ga ni a matsayin uban gida. Ya ce yana so ya gan shi. Na ce a al'adarmu wanda ya zo biko ba ya ganin wanda ya yi yaji, da mai gida yake magana, kuma ni ne mai gida. Ya ce bai gane ba. Na ce zai gane.

A tsaye a barandar nan na faɗa masa abin da ke raina, da Faransancin ɗalibi. Na ce abin da aka yi masa a Barbès da ciwo, na gani. Amma kunnen nan da haƙarƙarin nan sun riga Barbès. Bai musa ba. Ya jingina da bango yana hawaye, ya ce zai canza, ya ce in ba shi ba abokina ba shi da kowa a ƙasar nan, ina zai je? Ina jin da gaske yake, har cikin ransa haka ya ɗauka. Na ce ya jira, zan shiga in tambaya, don ba a mai da mutum sai da yardarsa.

Na tarar da abokina durƙushe gaban risho yana yanka albasa. Bangon ɗakin kwali ne, ya ji komai. Kumburin bakinsa ya fara sauka.

"To, ka ji shi. Kana komawa?"

Ya ci gaba da yanka har ya gama albasar, ya zuba ta a mai. Sannan ya girgiza kai.

"Mi zan ce mishi?"

Ya goge ido da bayan hannu, ya ɗago ya dube ni.

"Ka ce mishi ya yi kuskure wuri guda. Ka ce mishi ina da dangi."